Fainalin Dokta da Fetur ɗin Mijinyawa

Mijinyawa ya zare kara daga tankin janareto, ya ɗaga shi sama ya duba iyakar inda fetur ya jiƙa. Bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Ya ja tsaki, ya goge karan a ƙafar wando, ya mayar da murfi.

Can cikin filin makarantar 'yanmatan da ke bayan garin Kabo, lasifikokinsa huɗu suna ta zubo Turancin babban baƙo. Dokta Abdulmumini ne, daga Kano aka gayyato shi bikin yaye ɗalibai. An ce taro ƙarfe goma, bai iso ba sai sha biyu saura. Duk wannan jiran kuwa inji na kunne, don shugabar makaranta, Hajiya Raliya, ta ce kada iyaye su zauna shiru, a sa musu waƙen ɗalibai. Lita huɗu makaranta ta zuba. An sha fiye da uku tun kafin a zo ga abin da ya kawo Mijinyawa.

Abin da ya kawo shi yau ba aiki ba ne kawai. Autarsa Zinnira ce shugabar ɗalibai, ita za ta yi jawabin godiya, kuma shi ne abu na ƙarshe kafin addu'a. Yarinyar akwai kai, amma murya babu. Ko a tsakar gida sai ka ce mata "me kika ce?" sau biyu. In inji ya mutu kafin a zo kanta, bakinta kawai za a ga yana motsi. Ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ya ɗauko ta tun jiya daga Lakwaya. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ya kafa lasifika guda daidai kafaɗarta, ya ce mata, "Yau za ki ji jikarki da kunnenki."

Shekara goma sha bakwai yana wannan sana'a tsakanin Gwarzo da Kabo: saukar karatu, taron siyasa, rabon taki, bikin makaranta. Aji uku ya yi a firamare ya gudu. Ba ya jin Turanci, ba ya kuma jin kunyar faɗa. Amma akwai kalmomi huɗu da ya sani fiye da masu koyar da su, domin shi da fetur yake auna su.

Shekaranjiya ma sai da suka yi ta da Zinnira, tana zaune kan tabarma tana haddar jawabinta, shi yana naɗe waya.

"Baba, *finally* 'daga ƙarshe' ke nan," in ji ta. "*Lastly* kuma in kana jero abubuwa ka zo kan na ƙarshe. *In conclusion*, ka tattara maganarka ke nan za ka rufe."

"A littafi."

"To a ina kuma?"

"A fili. Fainali, in ciyaman ne ya faɗa, rubu'in lita ce. In ɗan takara ne, rabi. Lasli ta fi ta sharri, don duk mai lasli yana da wata a aljihu. In konkulushan kuwa, kina jin ta ki gyara zama. Komawa farko zai yi ya sake biyo hanya."

Ta kwanta da dariya. "*Last but not least* fa?"

"Ita kaɗai ce mai gaskiya a cikinsu. Sunan mutum ke biyo ta. Wani babban mutum ne aka bari a baya, a kira shi, a tafa, a tashi."

"Ma'anarta, na ƙarshe a jeri amma ba na ƙarshe a daraja ba."

"To ni me na ce?" Ya ɗaure wayar. "Ke dai ki faɗi taki sau ɗaya ki zauna. Kada ki shanye mini mai."

Yau kuwa Dokta ya yi fainalinsa ta farko tun minti ashirin da suka wuce. Wasu mata har sun fara lalubar takalma. Mijinyawa ko gyara tsayuwa bai yi ba a lokacin. Ya ga kaurin takardun da ke hannun mutumin.

Ya bar gindin darbejiyar da ya ajiye inji, ya bi waya har gefen rumfar manyan baƙi, inda teburin na'urarsa yake. Malam Uwaisu, malamin Turanci kuma mai gabatar da taro, yana tsaye a wurin yana fifita da takardar shirye-shirye.

"Malam, ka san mutumin nan?"

"Malamina ne a jami'a."

"Allah Ya ba ka ladan haƙuri. Ka je ka ce masa ya isa."

"Ni? Rufa mini asiri. Na aika masa 'yar takarda tun ɗazu."

"Ya ce me?"

"Ya karanta, ya sa a aljihu, ya ce zai taƙaita."

"Innalillahi." Mijinyawa ya san wannan ma. "To in ya sauka, a fara sa yarinyar kafin rabon kyaututtuka."

"Ina aka taɓa godiya kafin a ba ka? Hajiya ba za ta yarda ba. Wai man ne?"

"A'a, ruwan sha ne."

"Ka aika bakin titi mana, wajen Ya'u mai bumburutu."

Mijinyawa ya nuna da haɓa. Ga Ya'u can layi na uku cikin sabuwar shadda, yana gyangyaɗi. Shi ma 'yarsa ake yayewa, ya kulle tebur ya bar jarkokinsa a gida, Dugabau.

"To kashe injin na ɗan lokaci."

"In ya yi zafi haka aka kashe shi, ba ya tashi sai ya huce. Rabin awa. Kuma ni shekara sha bakwai, ba a taɓa cewa lasifikar Mijinyawa ta ɗauke a bakin baƙo ba."

Ya koma gindin darbejiya ya tsaya yana kallon babur ɗinsa. Yana da doka guda da kowa ya sani: ba ya ƙona mansa don maganar wani. Wanda ya kira taro shi ke zuba mai, in ya ƙare a tashi. Ban da haka, Gwaggo ba ta shiga mota, amai take yi. A bayan babur ɗin nan ta zo, a bayansa za ta koma. Abin da ke cikin tankin babur ɗin bai fi lita biyu ba.

Lasifika ta ce, "*Lastly*..."

Mijinyawa ya durƙusa ya zare tiyon da ke ƙarƙashin tanki, ya tara gora. Rabi ya ɗiba, ya mayar da tiyo, ya juye wa janareto yana magana ƙasa-ƙasa. "Sha. Ba don shi ba ne."

A hanyarsa ta komawa Gwaggo ta kamo masa riga. Tana zaune a bakin rumfar mata, sandarta a cinya, kunnenta manne da lasifika.

"Kai, Mijinyawa! Wannan bawan Allah wa'azi yake ko faɗa?"

"Nasiha yake yi, Gwaggo."

"Da wa?"

"Da kowa."

"To na yafe masa tawa. Yaushe 'yar tawa za ta yi?"

"Yanzun nan."

"Haka ka ce tun rana tana can." Ta nuna da sanda. "Ka kuma yi wanka da fetur, kana wari kamar tasha."

Ya sake leƙa hannun Dokta. Takarda uku ko huɗu, kuma mutumin ba karantawa kawai yake ba, kowane layi sai ya ajiye takarda ya ba da labarin wata ƙasa da ya je. Mijinyawa ya yi lissafi a ka. Ko ya juye sauran man babur, in Dokta ya cinye takardun nan, sannan aka raba kyaututtuka, Zinnira za ta hau ne inji ya riga ya kwanta.

Ya zagaya bayan rumfar mata, ya tsaya jikin turke ya yi gyaran murya irin wadda yake yi in ya shigo gida. Matarsa Murja ta waiwayo, ta taso tana gyara mayafi.

Murja mace ce mai kawaici, amma Allah Ya ba ta guɗa. In ta rangaɗa ta a unguwarsu, 'yan tashar Gwarzo sukan tambaya gidan wa ake biki.

"Lafiya, Malam?"

"Ki zuba mini ido. Kina ganin na cire hula, ki saki guɗa. Wadda ta fi kowace."

"A tsakiyar maganar baƙo? Kai kuwa lafiyarka?"

"Ba tsakiya ba ce. Ƙarshe ne. Shi ne bai sani ba."

"Wallahi in Hajiya ta kore mu..."

"Murja, mai ya ƙare. Ko guɗa, ko 'yarki ta yi magana da iska."

Ta dube shi, ta dubi layin ɗalibai inda Zinnira ke zaune cikin farin hijabi tana murza takarda. Ta ce, "Bari in gaya wa ƙawayena su Kamila su kama mini."

Ya koma teburinsa ya ɗora yatsu biyu kan maɓallai, ɗaya na makirufon Dokta, ɗaya na Malam Uwaisu.

"Malam, kana jin hayaniya, ka hau ka yi godiya."

"Wace hayaniya?"

"Za ka ji ta."

Suka jira. Hadari ya ɗan taso gabas ya fasa. Ya'u ya farka ya sake komawa. Janareto yana ta gunjinsa can nesa, Mijinyawa yana jin kowane ɗigo a ƙirjinsa. Sai da aka ƙara minti goma, sannan Dokta ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa.

"*In conclusion*..."

Mijinyawa bai yi gaggawa ba. Ya san yadda abin yake tafiya. Bayan kalmar akwai magana guda mai tsawo, sai murya ta sauka, sai numfashi, sai a lashi yatsa a juya takarda. Wannan numfashin kaɗai ne ƙofa. In ka bari aka juya takarda, an koma farko.

Murya ta sauka. Dokta ya kai yatsa baki.

Mijinyawa ya cire hula.

Guɗar ta tashi kamar an tsaga sama. Wani yaro a bayan uwarsa ya fashe da kuka. Kamila ta kama, ta kusa da ita ta kama, rumfar mata gaba ɗaya ta ɗauka. 'Yanmata ɗari uku da suka gaji da zama suka miƙe suna tafi suna buga benci. Maza suka ga kowa ya tashi, su ma suka tashi. Ya'u ya zabura yana "Allahu Akbar!" bai san me ya faru ba. Mijinyawa ya sauke maɓalli ɗaya a hankali, ya ɗaga ɗayan.

"Jama'a, a ƙara tafa wa Dokta!" Malam Uwaisu ya riga ya hau dandamali, muryarsa ta cika fili. "Wannan jawabi sai dai mu ce Allah Ya ƙara basira!"

Dokta ya tsaya da yatsa a leɓe. Ya dubi takardunsa, ya dubi taron da ke tsaye dominsa. Fuskarsa ta washe. Ya dafa ƙirji, ya rusuna hagu, ya rusuna dama, ya naɗe takardun ya koma kujera. Makirufon teburin manya bai gama rufuwa ba, don haka Mijinyawa ya ji shi yana ce wa Hajiya Raliya bai taɓa ganin iyaye masu son ilimi irin na nan ba, kuma in Allah Ya kai mu baɗi zai dawo ya ƙarasa.

"Baɗi sai ku nemi mai lasifikar Kano," in ji Mijinyawa, ya mayar da hularsa.

Aka shiga rabon kyaututtuka. Ta ɗaya a lissafi, ta ɗaya a haddar Alƙur'ani, wadda ta fi tsafta, wadda ba ta taɓa makara ba. Kowace sai ta taho a hankali, ta durƙusa, a tsaya a ɗauki hoto, uwarta ta taso ita ma a sake ɗauka. An zo kan ta goma sha ɗaya ke nan janareto ya yi tari.

Mijinyawa bai san yana da sauran gudu a jikinsa ba sai ranar. Ya isa gindin darbejiya, ya zare tiyo, ya kwantar da babur a cinyarsa yana girgiza shi har ɗigon ƙarshe. Ya juye. Inji ya sake tari, ya yi kamar zai shiɗe, sannan ya kama gunji sosai. Yadda Gwaggo za ta koma gida kuwa, ya bar wa Allah.

Yana nan tsaye da gora a hannu ya ji Malam Uwaisu ya kira sunan.

Daga inda yake yana hango dandamali. Ta hau a hankali, ta karɓi makirufo da hannu biyu. Ta yi sallama. Muryar nan da ba ta kai ƙofar ɗaki ta fito ta lasifika huɗu, ta bugi bangon azuzuwa ta dawo. Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe tsaye.

Turanci take yi, tiryan-tiryan, ba gargada. Bai ji komai ba sai sunaye. Ya ji Hajiya Raliya, aka tafa. Ya ji Dokta Abdulmumini, aka tafa. Ya ji wakilin hakimi, ya ji malamai. Kunnensa ɗaya yana wajen inji.

"*Last but not least*," in ji Zinnira.

Mijinyawa ya dubi teburin manya don ya ga wa aka bari a baya. Ya ƙirga su da ido. Duk an kira su. Ko direban Dokta ne?

Sai ta ajiye Turanci ta koma Hausa.

"Akwai mutumin da yake zuwa kowane taro amma ba a taɓa ba shi kujera ba. Shi ya sa kuke ji na yanzu. Shekara shida yana kawo ni makarantar nan a bayan babur, ni da akwatina da naɗin waya." Ta ɗan tsaya. Tunda aka haife ta ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. "Malam Mijinyawa mai lasifika. Babana."

Kawuna suka fara juyawa. Aka duba teburin na'ura, ba ya nan. Malam Uwaisu ya nuna gindin darbejiya, filin gaba ɗaya ya waiwayo. Ga shi tsaye, gora a hannu, riga duk baƙin mai, babur a kwance a ƙasa. Shekara goma sha bakwai yana kallon ƙeyar mutane a taro, bai taɓa ganin fuskokinsu duka a lokaci guda ba. Ya rasa inda zai sa gorar. Wani abu ya cika masa ido, ya tabbata tururin fetur ne. Ya cire hula ya goge fuska.

Murja kuwa tun ɗazu idonta yana kansa, kamar yadda aka ce mata.

Wannan guɗar ta fi ta farko. Su Kamila suka kama, 'yanmata suka sake hawa benci, Ya'u ya sake kabbara. Mijinyawa yana ɗaga hannu yana "A'a! Ba yanzu ba!" amma da hular a hannun yake ɗagawa, Murja ta ɗauka cewa yake a ƙara. Ta cikin hayaniyar ya hango bakin Zinnira ya motsa sau biyu. Ta ninke takarda, ta sauka.

Liman ya yi addu'a, gajera, Allah Ya saka masa. Aka shafa, aka fara watsewa. Mijinyawa yana ɗaga babur ke nan sai ga Murja riƙe da hannun Gwaggo.

"Kin kyauta," ya ce, yana ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Kin danne 'yarki."

"Kai ka cire hula."

"Gumi nake sharewa."

"Gumi a ido?"

"Fetur ne."

"To, fetur ne," in ji Murja, ta rufe baki da mayafi.

Gwaggo ta zungure shi da sanda. "Na ji ta! Tar da ita, kamar a cikin kunnena take zaune. Turancin dai ban san me ta ce ba, amma na ji sunanka. Na ce yau kuma me yaron nan ya yi?"

Ya miƙa hannu zai kashe inji, sai ga Zinnira da gudu, makirufo mara waya a hannunta. Ta durƙusa. "Baba, Malam Uwaisu ya ce in kawo maka."

Bai karɓa ba. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Kin faɗi fainalin?"

"Na faɗa. Inna ce ta taka ta."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Me ya biyo baya?"

"Na gode."

"Sai me?"

"Sai na zauna."

Ya buɗe murfin tankin janareto ya tsoma kara ya zaro. Akwai saura, fiye da yadda ya zata. In aka tafi a hankali, ba a yi gudu ba, zai kai su Gwarzo.

"Shekara sha bakwai ina jiran wanda zai faɗe ta ya zauna," ya ce. "Ranar da aka samu, ban ji ba."

Ya dubi karan, ya dubi babur, ya dubi Gwaggo da ta riga ta fara ɗaure zani don hawa. Filin ya kusa zama wayam, sai masu kwashe kujeru.

"Akwai na kalma uku a ciki," ya ce. "Murja, ki riƙe bakinki. Ke kuma, faɗa mu ji."

Zinnira ta dubi uwarta, ta yi dariya, ta kai makirufo baki.

"*Finally*," in ji lasifika huɗu, bisa kujerun da ba kowa. "Na gode."

Mijinyawa ya saurara. Ya ba ta lokaci, ko akwai wata a aljihu. Babu. Ya gyaɗa kai, ya kashe inji, ya durƙusa ya tara gora.